Ɗakinki Ne Ke Shiga Ƙasa, Inna

Salamu alaikum 'yan uwana na Fesbuk. Yau babu hoton atamfa, da Innata nika magana. Ku dai zauna gefe, abin da na gani da idona har yanzu bai sake ni ba.

Zuwa ga Innata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, kin tuna shekarar babban ruwa, da gulbi ya shigo muna gida nan Gummi? Da ruwan ya tsaya, kinka ɗauki ƙusa kinka ja layi ga bangon ɗakinki, daidai bakin ruwa. Ranar nan Kawu Bala shi ma ya yi nashi zane ga dutsen bayan gidanmu. Kinka ce, "In ruwa bai kai nan ba, kowa ya yi barcinai."

Da wanga zane naki munka rayu, Inna. Bayan rasuwarki, duk damina sai ruwa ya ƙara matso shi. Bara ya wuce shi, alhali kowa na faɗin ruwan bara bai kai na waccan shekara ba. Baba ya ce gulbi ne ke ƙaruwa, ya yi ta jera buhunan yashi har ciwon baya ya kama shi.

Shekaranjiya ya kira magini a ɗaga muna dakali. Mutumin ya ga ƙofarki na jan ƙasa, wadda munka yi ta zagin kafinta a kanta. Ya ɗauko dogon tiyo wanda ake ganin cikinai, ya cika shi da ruwa. Baki guda ga zanenki, guda ga zanen Kawu. Ya ce ruwa kwance yake daidai, tunda ruwa guda ya ba ku zanen, dole su yi kai ɗaya.

Inna, naki ya sauka fiye da taƙi guda.

Na ce a sake. Anka sake. Na zauna bisa turmi. Ashe duk shekarun nan muna tsaron gulbi, ɗakin ne ke nutsewa da mu a ciki. Wai ƙasar fadama ce, ruwa na cin ta ta ƙarƙashi.

Na ba ƙawata Hafsatu labari, wadda ke karatu Sakkwato. Ta ce har masu auna teku haka ke samunsu: ma'auninsu bisa ƙasa yake kafe, in ƙasa ta sauka sai a ga teku ya hau fiye da yadda ya hau, sai sun auna ƙasar ita ma. Ni teku cikin waya kawai na san shi, amma na gane, don ga shi cikin gidanmu.

Magini ya ce ɗakin ba ya kai wata damina, a rushe shi tun bai faɗo ma wani ba. Kin san ciki nika kwana. Da anka yi la'asar Baba ya ce in fid da kayanki, mu koma tudu wajen Kawu.

Na kwashe kwanoninki yau, Inna. Jibi za a sa ma ɗakin diga. Ki yafe muna, mun riƙe shi iyakar yadda munka iya.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba ki ɗakin da ba ya rushewa. Amin.

Ɗiyarki, Nana.

Ku kuma da ke bakin gulbi, akwai wanda ƙofarsu ta fara jan ƙasa? Ku gaya mani, kada ku zagi kafinta kamar mu.