Ramin Miƙa Faranti

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, mutumin da ko fushi nake yi da shi sai na gyara masa wuyan riga,

Gaisuwa daga gidan Yaya, inda ka ajiye ni har a gama gyaran gidanmu. Kewarka ta hana ni sakat, amma yau alƙalamina da ɗaci, ka yi haƙuri da shi.

Jiya na leƙa wurin aikin ban gaya maka ba. Famfon wanke hannu na bakin ƙofa, na yaba. Baranda kuwa madalla, wanda ya yi zaman kulle yana kallon bangon maƙwabta ba zai raina ta ba. Ko ma'ajiyar kayan abincin da ta kusa fin ɗakin kwananmu faɗi ban ce uffan ba. Sai na shiga ciki na tarar sabon bango ya raba falo biyu, da wani rami a tsakiyarsa daidai faɗin faranti. Magini ya ce ɗakin aikin maigida ne, da banɗakinsa da sakatarsa ta ciki, ramin kuma na miƙa abinci ne. Wai dillali ne ya ba ka shawara, wai abin da masu sayen gida ke rububi ke nan yanzu, ko da annoba za ta dawo.

Wallahi sai da na fita na tofar da yawu. Tir! Dillalin nan mai fesa turare a kan gumi, mai share hanci da tafi sannan ya miƙo maka hannu, shi zai tsara mana zama? Gidan sayarwa muke gyarawa ko na rayuwa? Matarka ce ni, ya hasken safiyata, ko mai kai wa fursuna abinci?

Ka manta ɗaki da falonmu na haya? Bango yana tsattsafo, kyankyasai suna fitowa daga magudana, kwamfutarka a kan teburin guga, abokan aikinka da kuke taro ta cikinta sun san ƙarar tukunyata fiye da muryar shugabansu. Na tsani wurin nan da warin danshinsa har yau. Amma a can in na miƙe ƙafa sai ta taɓa taka.

Sai cutar ta kama ka, likita ya ce a raba mu. Ka kulle kanka a ɗaki, ni ina falo. In ajiye faranti a ƙasa, in ƙwanƙwasa, in ja da baya kamar mai ba kare abinci. In manna kunne a ƙofa ina sauraron tarinka, in tarin ya ɗauke in ƙwala maka kira. Farantin ya dawo, in ɗauke shi da safar hannu, in zuba masa ruwan zafi ina kuka, don an sa ni ƙyamar abin da bakinka ya taɓa. Ban taɓa ganin kwanaki masu muni irin waɗannan ba. Su ne ka kira magini ya gina su da siminti, ya shafa musu fenti?

Na san ka, tauraruna, don ni ka yi, don kada in kamu. Amma ka tambaye ni? Kai ka warke daga cutar, ni har yau ban warke daga ƙofar nan ba.

Magini ya ce ginin ɗanye ne, in an sa kafaɗa yanzu zai faɗi, in ya bushe kuwa sai da guduma. Ina roƙonka, ka je ka ture shi. Yi ɗakin aikinka, sa labule, sa ƙofa ma in ka so, amma ban da sakata, ban da rami. In ciwo ya dawo zan ɗaura takunkumi in shigo maka da farantin da ƙafata.

In ka bar shi, sonka ba zai ragu ba, wannan ba a hannuna yake ba. Sai dai hannuna ba zai taɓa ratsa ramin nan ba, ko abincin zai huce a tsakaninmu.

Taka har numfashina na ƙarshe, a gefe ɗaya na bango,
matarka, wadda ta riga ta aro guduma a wurin mijin Yaya.