Kwana Tara Ina Waƙa da Sunanki

Zuwa ga Malama Binta,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai miki takardar nan, ba kuma za ki karanta ta ba. Amma tunda a dalilinki na saba zama da biro, sai ki yi haƙuri da surutuna.

Gida lafiya. Mun gama yankan gero, gyaɗar gonar bayan gari ma ta isa cira. Tunkiyarki ta haifi biyu. 'Yarmu Sadiya tana wajen Inna, ta daina tambayarki da baki, sai dai ta leƙa ɗakinki ta fito.

To, ga laifina. Kin tuna gasar nan taku ta masu shafin rubutu a intanet, wadda kowa zai sa sabuwar waƙa kullum har kwana talatin? Wadda nake tsokanarki ina cewa aikin marasa gona ce? Kin yi goma sha takwas, ta ƙarshen ma a kwance kika rubuta ta da zazzaɓi, washegari Allah Ya karɓi abinSa. Ranar sadakar uku wayarki ta yi ƙara a aljihuna. Shugabar gasar ce take tuni cewa duk wanda ya yi kwana uku bai sa waƙa ba za a cire sunansa. Mutane na ta shigowa gaisuwa, ni kuwa maganar cire sunan nan ta tsaya mini a wuya. Na zagaya bayan rumbu, na rubuta layi huɗu a kan rijiya, don shi ne maudu'in ranar, na sa a shafinki. Yau tara ke nan na yi, duk da sunanki.

Binta, wai ya kike yi? Ni in na samu "gona" na haɗa da "rana", shi ke nan, sai in cije kamar jakin da ya ga kwalbati. Kuma yaushe kike samun lokaci, ga makaranta ga girki? Sau nawa ina ganinki kina tankaɗe bakinki na motsi, na ɗauka tasbihi kike? Ashe baiti kike aunawa.

Kina raye ban taɓa buɗe shafin nan ba, ko sau ɗaya. Sai shekaranjiya na zauna a gindin ɗorawar gona na karanta sha takwas ɗin duka. Wane ne mutumin da yake shigowa gida ya fara duba tumaki kafin ya tambayi matarsa ya gida? Wane ne mai zagaya gambar kan iyaka kullum da safe, kamar wani zai matsar masa da ita? Idan ni ne, abin yana yi miki ciwo ne ko dariya kike yi mini? Na karanta waƙar tumakin sau biyar ban gane ba, kuma wallahi ina son in sani.

Akwai wata Hajiya Rabi daga Rijiyar Zaki da take bibiyar shafinki. Ta rubuto cewa waƙoƙinki na kwanan nan suna warin taki, ƙarshen baitocin na ɗingishi, amma suna taɓa mata zuciya. Ta tambaya ko lafiya. Na amsa mata da bakinki cewa lafiya lau. Tunda nake ban taɓa yin ƙaryar da ta yi mini nauyi irin wannan ba.

Yau da safe kuma aka sanar cewa gobe, ranar rufewa, kowa da muryarsa zai karanto waƙarsa ya turo, waɗanda suka kai ƙarshe a sa sunayensu a littafi. Kin ga rana ta ɓaci. Na hau babur na je Minjibir wajen ƙanwarki Hauwa, tunda muryarku ɗaya, na roƙe ta ta karanta. Ta yi gardama, daga baya ta karɓi takardar. Layin farko kawai ta yi na ce ta bari. Na fito soro na tada babur na kamo hanya.

A hanyar dawowa na gane ɓarnar da na yi. Tun ranar da kika rasu mutanen nan suke yaba miki, suna yi miki fatan nasara, ba wanda ya ce Allah Ya jiƙanki. Ba su sani ba. Ni na hana ki addu'arsu, don in ajiye sunanki a jerin sunaye.

Saboda haka gobe in na idar da sallar asuba za su ji muryar gardi. Zan faɗi sunana, in ce sha takwas naki ne, tara masu ɗingishin nawa ne, in nemi gafarar Hajiya Rabi. In sun cire sunanki, su cire. Abin da zan roƙe su kawai shi ne kowa ya ɗaga hannu ya yi miki addu'ar da na tare miki kwana goma sha ɗaya.

Ki yafe mini, Malama. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu inda zan samu zama in yi miki tambayoyin nan.

Mijinki,
Ɗanlami manomi