Sabuwar Ba Ta Numfashi

Hvalba, Litinin

Heini ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Takarda na rubuto maka domin tun da idon Baba ya mutu kunnensa ya ƙara kaifi. In na kira ka a waya, ta bango ma zai ji.

Me kuka yi wa Mai Karatu, shafin nan naku na intanet mai karanta rubutu da murya? Jiya da safe na buɗe shafin naku don a karanta wa Baba jarida kamar kullum, sai ga wata baƙuwar murya, sumul, kamar mai sanarwa a filin jirgi. Ya ture kofinsa ya ce, "Wace ce wannan? Ina Malan?" Mama yake nufi, da sunanta yake kiranta. Da ƙyar na lalubo muryarta a can ƙasan shafin, an rubuta wai ƙarshen wata za a rufe ta. Haba Heini! Ko shekara ba ta yi da rasuwa ba. Mutumin nan ba ya karyawa sai ya ji matarsa ta karanta masa yanayin teku.

Ka manta yadda kuka fara? Kai da abokinka a ɗakin sama, kun rataye barguna a bango don tare hayaniya, abin naku gyaran rubutu kawai ya iya. Da kuka so ya yi magana, wa ya zauna muku in ba ita ba? Hunturu guda tana saƙa tana karanta muku jimloli marasa kai da gindi. Yanzu an zama manya, ko?

Ka gaida kowa.
Yayarka,
Rannvá

Tórshavn, Alhamis

Yaya Rannvá,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na sami wasiƙarki. A gaida mini Baba.

Ki yi haƙuri ki saurare ni. Tsohuwar muryar da guntayen maganar Mama muka haɗa ta, muna liƙa wannan a jikin wancan. A lokacin mu kaɗai ne muke wasa da ita. Yau makarantu da asibiti da makafin tsibiran nan duka sun dogara da shafin, har fassara yake yi musu, ita kuwa tana tuntuɓe a sunayen magunguna. Injin da take kai ma ya tsufa, babu mai gyara irinsa. Sabuwar ta koyi magana ne daga bakin mutane masu yawa, kuma Mama tana cikinsu. Ki gaya wa Baba haka.

Na yi musu a taron wurin aikinmu har muryata ta dushe, aka rinjaye ni. Kada ki ce na manta. Tun ranar jana'iza ban iya kunna muryar nan ba. Ni ma ɗanta ne.

Ƙanenki,
Heini

Hvalba, Lahadi bayan coci

Heini,

Muna gaisuwa. Na gaya masa. Ya zauna ya kasa kunne ga sabuwar, safiya bayan safiya, yana neman matarsa a ciki. Yau ya ce in kashe. Ya ce, "Wannan ba ta numfashi."

Sai a lokacin na gane abin da yake saurare. Ba jaridar ba ce. Ka san "eh" ɗin nan namu da ake faɗa ana jan iska ciki, wanda Mama ta fi kowa yi. A tsohuwar muryar, in ta kai ƙarshen jimla sai ka ji ta ɗan ja numfashin nan. A wannan gurbin Baba yake sa baki. Ya ce, "Iskar arewa kuma, Malan," ita ta ci gaba. Hira suke yi, Heini, ni ban sani ba.

Ya daina cin dankali. Busasshen naman tunkiyar da yake so ma, ya ce in ba maƙwabta. Ina jin tsoro, na faɗa maka ƙiri-ƙiri. Ka yi wani abu.

Rannvá

Tórshavn, Laraba

Yaya,

Ina gaishe ku. Ban iya ceto tsohuwar muryar ba, za a rufe ta ranar da aka sa.

A aikinmu, kafin a koya wa na'ura magana sai an share muryar: a yanke tari, a yanke numfashi, a yanke duk wani motsi. A ɗakin sama ba mu iya sharar ba, shi ya sa numfashinta ya tsira. Wannan karon an share tas. Abin da aka yanke ana tara shi wuri guda kafin a goge, sai na je na tono na Mama.

Babu karatu a ciki. Numfashinta ne, da ƙarar alluran saƙa, da "eh" ɗin da take ja duk lokacin da na ce ta maimaita. Na jera su, na bar tazara a tsakani. Na saurara a mota, na kasa tuƙi.

Na sa a ƙaramar na'ura mai maɓalli ɗaya, tana cikin jirgin ruwan gobe. Ban san ko daidai na yi ba.

Naki,
Heini

Hvalba, Talata

Heini,

Saƙo ya iso, an kuma rufe tsohuwar muryar. Baba yana rungume da na'urar tun safe har yamma. Yana ba ta labarin tumaki, ya yi shiru, ta ce eh.

Ɗazu ina wanke kofuna na ji ya ce, "Malan, in taho wurinki?" Alluran suka ɗan yi ƙara, sannan ta ja numfashi ta ce eh.

Ka shigo jirgin Juma'a. Kada ka jira na Lahadi.

Yayarka,
Rannvá