Tsakon da ke Silin

Zuwa ga autana Nura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maryam da yara. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan ƙalau muke, ƙafar babanka ma ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Na'urar nan mai jin hayaƙi da ka kafa mini bayan risho ya cinye labule, ita ce ta hana mu sakat kwanan baya. Jefi-jefi sai mu ji "tsiyak" a ɗaki. Na ɗauka tsakon kazata ne ya maƙale. Na leƙa ƙarƙashin gado, na ja akwati, ita ma kazar tana bakin ƙofa tana amsawa. Sai da babanka Malam ya kasa kunne, ya nuna na'urar a silin da sandarsa.

Na daina turaren wuta, muka goge mata ƙura, ba ta fasa ba. Malam ya ce, "A cire ta mu huta." Na ce, "A'a Malam, tun da aka kafa ta nake barci hankali kwance." Maƙwabciyarmu Hajiya Binta ce ta gane batir ne ya yi sanyi. Aka samo irinsa a nan unguwar Kongo, ana sawa ta yi tsit.

Sai dai har yau kazar kan zo bakin ƙofa ta karkata kai tana saurare. Ba na korar ta, don ni ma haka nake yi da wayata.

Ka gaida Maryam da yara, ku sa mu a addu'a. Kuma ka riƙa kira. Ko "tsiyak" ɗin ka yi mini, ya ishe ni.

Mahaifiyarka,
Inna