Takardar da Na Liƙa a Kwalba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma muna nan, ƙafar Inna ta yi sauƙi, ni ce dai gajiya ta yi wa katutu.

Yaya, maganar ƙwayoyin ƙarin kuzarin nan ce da kike aiko min ina sayarwa. Ranar Talata masu duba magunguna suka zo shago, suka jera kwalaben a kan kanta. Kin san ina juye manyan robobin cikin ƙananan kwalabe saboda masu ƙaramin ƙarfi. To, ashe laifi ne, babu ranar lalacewa, babu lambar rajista. Abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne takardar da na liƙa, inda na sa aka rubuta wai yana maganin hawan jini. Babbarsu ta ce wannan ƙarin abinci ne kawai, ba a yarda a kira shi magani ba. Suka kwashe kayan. Tun ranar nake zarya ofishinsu, yau a ce kawo takardar gwaji, gobe a ce mai sa hannu ba ya nan. Na yi ta mita, ina cewa abincina suke son hana ni ci.

Sai jiya na shiga share ɗakin Baba, na ɗaga matashi na ga maganinsa na hawan jini na asibiti, na wata biyu cur, ko ɓalle shi bai yi ba. Kwalbata mai takardar nan ce a gefen gado, ta kusa ƙarewa. Na kai Baba asibiti aka auna shi, jini ya hau sosai. Likita ya wanke ni tas. Wallahi kunya da tsoro sun kama ni.

Ki dakata da aiko kaya. Kuma don Allah ki kira Baba yau, ke yake jin maganarki. Na rantse masa rubutun nan ni na ƙirƙira don kaya su tafi, ya ce shi dai 'yarsa ba za ta rubuta ƙarya ta liƙa a kwalba ba. Har yanzu bai sha na asibitin ba.

Ki gaida maigidan, da Babban Yaya, da takwarata sarkin rigima. Inna na gaishe ku.

Ƙanwarki,
Auta