Hoton alade a takardar balangun Babana

Anti Kulu, don Allah ki taimake ni, na gaji.

Ina digiri na biyu a fannin kiwon dabbobi. Bara malamina ya ba ni bayanan aladu ɗari huɗu na wata gona a kudu, ya ce in gano halayen da suke gada daga iyaye, kamar saurin girma da yawan 'ya'ya da kaurin kitse, don a san wanda za a bari iri. Wallahi ban taɓa ganin alade ido da ido ba, lambobi ne kawai a kwamfuta. A gida kuwa ban taɓa faɗin wace dabba ce ba.

Babana mai balangu ne a unguwar Gawon Nama a Sakkwato, shekara talatin ke nan. Tun ina firamare da tsofaffin takarduna yake naɗe nama. Watan jiya malamina ya maido mini aikin duk jan biro, na gyara, na jefa tsohon a kwalin Baba kamar kullum, na manta akwai hotuna. Wani ya buɗe namansa a majalisa, sai ga alade ya jiƙe da mai, ga sunana a sama.

Yanzu Baba kan wuni bai sayar da rabin rago ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi in bar karatun nan. Saura wata uku in gama. In bari ne?

Ɗan mai balangu

Ɗana, sannu. Lissafi ka yi, ba kiwo ba, kuma ilmin gadon dabbobi abin nema ne. Hukuncinsa a addini ka tambayi malami, ni ba na fatawa. Amma laifinka ba hoton ba ne, ɓoyon da ka yi wa mahaifinka ne. Mai nama da yardar mutane yake ci.

Barin karatu ba zai wanke shi ba, sai ma a ce da ma akwai wani abu. Ka zaunar da shi ka faɗa masa komai. Ku je wurin Sarkin Pawa, wanda ya san inda mahaifinka yake yanka, ya raka ku majalisar nan ka yi bayani da bakinka. Sannan ka nemi wata ukun a wurinsa. In ya ƙi, ka roƙi malaminka ya maida kai kan jar akuyarmu ta Sakkwato, lissafin ɗaya ne, ko da zai ci maka shekara.

Daga gobe kuma ka sayo farar takarda, ka tsaya gefensa kana naɗe nama, kana ci a gaban kowa. Shekara talatin yana shan hayaƙi don ka yi karatu, yanzu kai ma ka sha naka.

Allah ya maido masa da kasuwarsa, ya ba ka sa'a.

Anti Kulu