Ido a Cikin Bututun Biro

Litinin, 5 ga Mayu 2025
Ni lafiya, sai gwiwa. Nathan lafiya, yana ta hidimar aurensa. Jacinta ta zo hutu daga makarantar koyon lantarki. Babansu ne dai. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, muryarsa ba ta tsayawa wuri guda: wannan kalma raɗa, ta gaba tsawa. Ya ce shi zai sa wa Nathan albarka a coci, can Samaru Kataf, ran sha bakwai. Na ce ya bari in yi a madadinsa, kada a yi masa dariya.

Laraba, 7 ga Mayu
Jacinta ta kwance tsohuwar rediyonsa, ta ciro wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, ta goge kansa har cikinsa ya bayyana. Wai yanzu ya zama ido, yana gane haske. Ta cusa shi cikin bututun biro tare da ɗan mitsitsin ƙwan fitila, ta naɗe da baƙin tef. Ta haɗa shi da makirufo da lasifika a wani ɗan akwati, don muryar babansu. In murya ta tashi, ƙwan ya kama, idon ya rage ƙarar lasifika. In ta yi ƙasa, ƙwan ya mutu, ƙara ta dawo. Na sa ta maimaita don in rubuta daidai.

Juma'a, 9 ga Mayu
Abin ya ƙi aiki. Haske na shiga ta gindin biron. Ta ƙona yatsa da narkakkiyar dalmar haɗa waya, ta hana ni dubawa.

Talata, 13 ga Mayu
Ta toshe ramin, mun gwada a tsakar gida. Babansu ya ce, "Ubangiji ya..." ya maƙale. Na ƙarasa masa, kamar kullum. Sai ga bakinsa yana motsi, lasifika shiru.

Jacinta ta ce, "Mama! Muryarki ce ta sa ya rage. Ga ta Baba ta ɓace."

Na ce taimako nake yi. Shi kuwa ya yi dariya da rabin bakinsa, ya ce, "Shekara biyu ke nan kina wannan taimakon."

Na shiga kicin. Ban dafa komai ba.

Asabar, 17 ga Mayu
Babansu ya tashi da sanda, ina gefensa, Jacinta na riƙe da akwatinta. A wurin nan dai ya maƙale. Coci tsit. Kalmar tana kan harshena, na matse jakata. Can sai ta fito daga bakinsa, a hankali, har benci na ƙarshe suka ce amin. Nathan ya sunkuyar da kai.

Ni na kama hannun babansu, muka koma benci.